Litinin ɗin Ista a Farin Yashi

Na san abin da gwaggonku Tabita ta faɗa muku tun kuna ƙanana, kuma har ta bar duniya ba ta sauya ko kalma ɗaya ba. Wai ni na kwance wa babanku zani a kasuwa, na raba shi da sitiyari, na mayar da shi mai gadin ƙofar kamfani. Ban taɓa tanka mata ba, don ƙanwar miji ce, kuma bakinta ya fi nawa gudu. Yanzu da ido ya fara gajiya, bari in rubuta muku yadda aka yi, kai Ishaku da ke Ladi, in kun ga dama ku karanta wa 'ya'yanku. Ba haƙuri nake ba kowa ba. So nake ku ji zancen daga bakin wadda ta shiga ruwan.

Da ƙyar za ku tuna Farin Yashi. In mutum ya wuce kamfanonin Kudenda ya bi 'yar hanyar gonaki, akwai inda kogi ya yi kwana ya zubar da yashi fari tas, mai faɗi, ga baƙaƙen duwatsu a bayansa, ga inuwar ɗorawa. Da rani ruwan wurin ba ya wuce gwiwa sai ka yi nisa sosai, shi ya sa iyaye suke sakin yaransu su juya baya su ci abinci hankali kwance. Asabar da Lahadi ma'aikatan masaƙa suke zuwa da rediyoyinsu, Indiyawa su zo da iyalansu da tukwanensu, Turawan kamfanin haɗa motoci su kwanta a rana kamar an shanya barkono. Da Sallah kuwa mutanen Tudun Wada da Makera ne suke cika wurin. Ƙasar ta mutanen Gbagyi ce na ƙauyen da ke kan tudu, kuma dattijonsu Baba Shekwolo shi ya ɗaura igiya tsakanin itatuwa biyu a bakin hanya. Mai ƙafa ya ba da abin da ya sawwaƙa, mai mota ya ba da fiye, Bature kuwa ba a ba shi canji. Abin da aka tara a kasa shi uku, na ƙauye, na samarin da ke share wurin, da na Baba da ya yini a rana. Mu masu abinci a hannun matan ƙauyen muke sayen itace da ruwan rijiya, kuma kowace rumfa tana aika wa Baba kwano ɗaya da rana. Kowa yana lasar wani abu a wurin, don haka kowa yana lallaɓa shi.

Rumfata ita ce ta biyu daga igiya. Shinkafa da wake nake yi, da soyayyen kifi da kunun zaƙi. Kusa da ni akwai Malam Sule mai tsire, mutumin Tudun Wada, wanda ba ya yawan magana sai dai yawan kallo. Rumfar nan ita ta riƙe gidanmu lokacin da masaƙa ta rage ma'aikata aka sallami babanku. Shekara ce mai wuya. Damina ta yi rowa, sojoji sun karɓi mulki, sabulu da madara sai an bi layi. Babanku ya zauna a gida har ya fara faɗa da kaji. Da wani Alhaji mai gidan bulo ya ba shi tuƙin tifa, sai da na durƙusa a ɗakinmu na haya a Unguwar Boro na gode wa Ubangiji da hawaye. Ya ce mini a gindin gada suke lodin yashi, ni kuma ban ga dalilin tambaya ba.

Babanku mutum ne mai son ruwa. A bakin rafi aka haife shi can ƙauyenmu, kuma shi ne yake ɗaukarku yana jefawa cikin ruwan Farin Yashi, ina ihu yana dariya. To wata Asabar bayan Kirsimeti ina ɗaure kaya za mu tafi, sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Maman Ishaku, yaran nan kada su ƙara shiga ruwan can."

"Me ya samu ruwan?"

"Ba komai. Sanyi ne. Kin ga Ladi tana tari."

"Ladi ba ta tari."

"To za ta yi. Na dai faɗa miki."

Ya fice ko hularsa bai ɗauka ba. Babanku bai iya ƙarya ba, in zai yi ta kunnensa yake sosawa, kuma ranar har ya fita hannunsa yana kan kunne. Tun daga nan na buɗe ido. Ruwan da muke tararwa garau ran Asabar da safe, har kana ganin 'yan kifaye a ƙasa, sai muka koma tarar da shi jawur, ba ya kwanciya sai Lahadi da rana. Babu ruwan sama, babu sawun shanu. Samarin shara, waɗanda da sai an yi musu tsawa kafin su tsince kwalabe, yanzu har hanyar mota suke sharewa da ganye, tun daga igiya har cikin gonaki. Baba Shekwolo ya sauke ciyawar ɗakinsa ya ɗora kwano, alhali kowa yana kukan baƙi sun ragu. Babu wanda ban zarga ba. Na ce samarin nan satar kuɗin igiya suke yi suna rufewa da ladabi. Na ce Baba ya sayar wa Turawa wurin a ɓoye. Har na zargi babanku da ajiye wata a ƙauyen, don na ji yana kiran mutanen can da sunayen da ni mai zuwa kowane mako ban sani ba. Wannan zargin ya fi ci mini rai, na rame a kansa a banza.

Wata Lahadi da kasuwa ta lafa na leƙa wurin Malam Sule.

"Malam Sule, naman nan naka ya ƙaru. Da da rabin tire kake zuwa."

"Allah ne ya buɗa, Maman Ishaku."

"Baƙi sun ragu, kai kuma ya buɗa maka. A tsakiyar mako wa kake sayar wa?"

Ya juya tsinke ɗaya, ya juya na biyu. "Wa ya ce miki ina zuwa a tsakiyar mako?"

"Tokar murhunka. Ta fi ta Asabar da Lahadi yawa."

Ya yi 'yar dariya ba tare da ya dube ni ba. "Maman Ishaku, ke mutuniyar kirki ce, ki sayar da shinkafarki. In tambaya gare ki, ai mai amsar a gidanki yake kwana."

Na koma rumfata. Na yi makonni ina juya maganar, ina tsoron abin da zan gani. Sai ran Larabar makon Ista na ce wa maƙwabciya zan je gyara zanar rumfa, na bar mata ku, na hau bas zuwa Kudenda na taka sauran da ƙafa. Tun daga gonaki na fara jin ƙarar inji. Na tarar igiyar Baba a ƙasa. Na laɓe bayan duwatsu na leƙa. Yashin tudu yana nan lumui, ko tsinke ba a taɓa ba. Amma cikin ruwa jiragen kwale-kwale ne, da maza tsirara sai gajeren wando, suna nutsewa da bokiti suna fitowa da yashi suna juyewa a jirgi. In jirgi ya cika a turo shi gefen duwatsu inda baƙi ba sa zuwa, leburori su watsa a tifa da shebur. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne daɗewar da kowane mai nutso yake yi kafin kansa ya fito. Tifar kuwa na san ta. Direbanta yana zaune a inuwar rumfata, a kan bencina, yana cin tsiren Malam Sule.

Ban bari ya gan ni ba. Na koma gida na tuƙa tuwo, na jira ya dawo ya yi wanka ya zauna, na tura ku waje.

"Baban Ishaku, yau a ina ka yi lodi?"

"Gindin gada mana, inda muka saba."

"Ashe rumfata ta koma gindin gada ban sani ba."

Ya ajiye lomar da ya ɗauka. Bai yi musu ba, wannan kam na shaide shi. Ya ce yashin gindin gada ya yi tsada, masu ɗiba sun yi yawa, shi ne Alhaji ya aike shi ya yi magana da Baba, tun da matarsa tana da rumfa a wurin. Baba ya yarda a kan sharaɗi ɗaya, kada a taɓa na tudu wanda baƙi suke gani, a ɗebi na ƙarƙashin ruwa. Dama tun kakanni mutanen ƙauyen in za su yi yaɓe a ruwa suke ɗiba, kafin mako ya zagayo kogi ya share wurin kamar ba a taɓa ba. Da wannan Baba ya yi lissafi. Sai dai kwanon yaɓe daban, tifa daban, kuma a shekarar kogin ba shi da ƙarfin turo ko yashin share tukunya.

"Zurfin ya kai ina?" na tambaye shi.

Ya ture kwanon tuwo gefe. Na sake tambaya.

"Ya shanye mutum?"

"Ya shanye mutum da hannunsa a sama."

"Daga ina ya fara?"

"Da can tsakiya muke, inda ba mai zuwa. Na can ya ƙare, satin nan suka matso." Ya sosa kunne, ya fasa. "In kin wuce inda kike wanke tukwane kaɗan."

Kun san al'adarmu ta Litinin ɗin Ista, ranar da ake fita Galili, coci ta kwashi mata da yara da ganguna a tafi bayan gari a yini ana ci ana sha ana waƙa. Wannan shekarar cocinmu da wasu na unguwar Kakuri duk Farin Yashi suka zaɓa, kuma ni da bakina na yi ta tallata wurin a zumuntar mata. Yaran makarantar Lahadi kuwa ba abin da ke kai su sai ruwan. Na tuna masa wannan.

"Namu ba za su shiga ba," in ji shi.

"Na wasu fa?"

"Rifkatu, ki bari a wuce Ista. In maganar nan ta fita Alhaji zai karɓi makullinsa. Mutanen ƙauye ba su san da kuɗin yashi ba, za su cinye Baba ɗanye. Ke kuma wa zai ƙara zuwa cin shinkafarki? Me za mu ba yaran nan? Ki bar ni, za a san abin yi."

Ba ya kirana da sunana sai abu ya kai masa wuya. Na ji tausayinsa har cikin raina, don na ga yadda zaman banza ya kusa kashe shi. Amma "za a san abin yi" ba ta shiga kunnena ba, don ban ji wanda zai yi ba. Na so in je wurin fasto, sai na tuna babanku yana cikin dattawan coci, na ce bari in ba su dama su rufa wa kansu asiri. Ran Asabar na sami Baba Shekwolo a gindin igiyarsa, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da na gani.

"'Yata, kogin nan ubana ya sha, kakana ya sha. Bai taɓa cin ɗan baƙo ba."

"Baba, a zamaninsu akwai tifa?"

Ya dube ni. "Mijinki ne ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni. Sanduna kawai nake roƙo, a kafa a bakin ramin a ɗaura jan tsumma."

"Za a kafa. Kafin gobe za ki ga an kafa. Je ki abinki."

Lahadi muna coci, ban buɗe rumfa ba. Litinin da sassafe na isa da tukwanena, abin da na fara duba ruwa ne. Shimfiɗe yake lumui, jaja-jaja, ko kara ɗaya babu. Na koma wurin Baba, ya ce samari sun manta, yana maganar yana karɓar kuɗin motar farko. Na gane ba mantuwa ba ce. In aka kafa sanda sai an tambayi dalili, kuma dalilin ne ba wanda yake so a ji. Na dubi samarin shara, kowa ya kau da kai. Na dubi matan sauran rumfuna, na rasa wadda ta sani da wadda ba ta sani ba, kowace tana hura wutarta. Kafin in gama tunani motoci sun fara sauke mutane, ganguna sun tashi, babanku ma ya iso da ku a motar coci, yana riƙe da hannuwanku gam. Yara kuwa tun kafin a yi addu'ar buɗewa sun fara tuɓe riguna. Malamar makarantar Lahadi tana hura usur tana cewa su jira, wa zai ji ta.

Ban san lokacin da na fizge gorar da ta riƙe rufin rumfata ba, doguwa ce, ta fi babanku tsayi nesa. Zana ta rufto kan tukunyar shinkafa, ban waiwaya ba. Na ratsa yaran ina ihu su tsaya, na faɗa ruwa da zanen zumunta a jikina, ni da ban iya iyo ba. Na wuce inda nake wanke tukwane ina dogara gorar a gabana. Ruwa yana gwiwata, gora tana taɓa ƙasa, tana taɓa ƙasa, sai na ji ta tafi. Yashin da nake takawa ya fara zamewa ƙarƙashin ƙafata. Na ja baya kaɗan, na juyo yadda kowa zai gani, na tura gorar tsaye cikin ruwa har hannuna ya nutse zuwa kafaɗa. Ba ta taɓa komai ba. Na sake ta, ta ɓace, can ta ɓullo a gefe tana juyi.

Ganguna suka yi shiru. Wata mata ta kurma ihu ta ruga ta suri ɗanta da ruwa ya riga ya kai wa ƙugu, sai sauran iyaye suka bi, aka yi ta jan yara ana mari ana kuka. Na fito jiƙe sharkaf. Wani ma'aikacin masaƙa ya tare ni.

"Madam, wa ya haƙa wannan ramin?"

Ga inda nake so ku saurara da kyau, don a nan gwaggonku ta karkatar da zance. Ban ambaci sunan babanku ba. Ko inda yake ban duba ba.

"Ku tambayi mai igiya," na ce.

Mutane suka yi kan Baba, har da 'yan ƙauyensa da suka sauko sayar da itace. Da ya ga an ritsa shi, sai ya ɗaga sandarsa ya nuna.

"Ni za ku tambaya? Ku tambayi mijinta. Shi ya kawo maganar, shi yake kwasa."

Duk ido ya koma kan babanku. Yana tsaye da hannun Ladi a nasa.

"Ni nake tuƙa motar," ya ce. Bai ƙara ba, bai rage ba.

Galili ta watse tun rana ba ta take ba. Wasu suka tsaya sai an mayar musu kuɗin shiga, wasu suka tofar da yawu suka wuce. Abincin da muka dafa mu duka a rumfuna haka muka kwashe shi. Mutanen ƙauye suka kwance igiyar daga hannun Baba a ranar, suka yi ta rigima a kan kuɗin yashin da ba su gani ba. Washegari Alhaji ya aiko aka karɓi makulli, wai direban da bai iya riƙe matarsa ba ba zai iya riƙe mota ba. Ya ba wani, ya sasanta da ƙauyen, aka ci gaba da ɗiba. Tun da babu sauran baƙin da za a ɓoye wa, sai suka hau na tudu ma. Kafin rani biyu Farin Yashi ya zama kwazazzabo. Wannan ya yi mini ciwo, kuma ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da na tambayi kaina ko me na tsirar.

Matan rumfuna suka daina amsa gaisuwata, wata har ta aiko a gaya mini in zo in ciyar da 'ya'yanta tun da ni ce mai gaskiya. A coci aka sauke babanku daga dattawa. Iyayen da suka suri 'ya'yansu daga ruwa kuwa, kaɗan ne suka zo suka ce mini sannu, sauran sun fi son sanin ko da ni aka ci kuɗin yashi kafin a ɓata. Na koma soya ƙosai a ƙofar gida. Babanku ya daɗe ba aiki, daga baya ya samu gadi a wani kamfani a Kudenda, yana buɗe wa tifofi ƙofa suna wucewa. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai ƙi cin abincina ba, amma mun daɗe a ɗaki ɗaya ba abin da ke haɗa mu sai ina kwana da sai da safe. Kai Ishaku a shekarar ne aka cire ka daga makarantar kuɗi, na san kana tunawa, kuma na san wa aka ce maka ya jawo.

Maganar ba ta ƙara tashi tsakaninmu ba sai bayan ya bar aiki, kun yi aure kun watse. Wata rana da yamma muna zaune a tsakar gida muna ɓarar gyaɗa, sai na ji ta fito daga bakina.

"Baban Ishaku, da ban shiga ruwan nan ba, me za ka yi?"

Bai tambaye ni wane ruwa ba.

"Ai na riga na shirya. Niyyata in shiga in tsaya a bakin ramin yini guda ina korar yara. Riga ni kawai kika yi."

Na ce masa to. Na dubi hannunsa, yana cikin gyaɗa, bai kai kunne ba, sai dai tsufa ya koya wa mutum abubuwa da yawa. Ina so in yarda, har yau da yake kwance a ƙasa ina so in yarda, don babanku mutum ne mai son yara, nasa da na wasu, kuma ban taɓa zama da wanda ya fi shi taushin zuciya ba. Amma ni na goge masa kayan da ya sa ranar. Farar shadda ce sabuwa da ya ɗinka don Ista, da takalmi sau-ciki da safa, ga agogonsa a hannu. Ban tuna masa ba, na ci gaba da ɓarar gyaɗata.